Kuɗin mota bayan taron manema labarai: kyauta ce ko toshiyar baki?

Tambaya: Wani matashi da bai cika shekara biyu da fara aiki a wani gidan rediyo mai zaman kansa a Kano ba ya rubuto yana cewa: "Malam, albashinmu ba ya zuwa a kan kari, wani lokaci har wata uku ake haɗa mana. Idan muka je taron manema labarai, a ƙarshe akan miƙo ambulan a ce kuɗin mota ne. Kowa na karɓa, har manyanmu. Ni ban taɓa roƙa ba, ban kuma taɓa sauya labari saboda shi ba. Shin wannan ya saɓa wa ƙa'idar aiki? In ya saɓa, to da me zan ci?"

Amsa: Tambaya biyu ka yi, ƙanena. Ta farko amsarta a rubuce take. Ta biyun ce mai ƙashi, kuma saboda ita ne ba zan sallame ka da layi uku ba.

E, ya saɓa. A watan Maris na 1998 aka yi zama a Ilori, inda ƙungiyar 'yan jarida ta NUJ da ƙungiyar editoci da ta masu gidajen jaridu, tare da hukumar kula da aikin jarida ta ƙasa, suka amince da kundin ƙa'idoji mai sashe 15. Sashe na 7 ya ce ɗan jarida ba zai nemi cin hanci ko lada ko wata alfarma ba, ba zai kuma karɓa ba, don ya buga labari ko don ya danne shi. Ya ƙara da cewa neman a biya kuɗi kafin a ba da labari ya ci karo da ma'anar labarin kansa. Ba mu muka fara faɗa ba. Tun 1954 ƙungiyar 'yan jarida ta duniya, a taronta na Bordeaux a Faransa, ta jera karɓar toshiya a sahu ɗaya da ƙazafi da satar rubutun wani, a matsayin manyan laifuffukan sana'a.

Na san ƙofar da za ka bi. Za ka ce kundin ya ce "don ya buga ko don ya danne", kai kuwa ba a ce maka ka buga komai ba, ba a ce ka danne komai ba. Ni ma ta nan na bi shekara da shekaru, don haka bari in ba ka labarin inda ƙofar ta kai ni.

Ina matashi kamarka aka tura ni wata jiha a matsayin wakili. Akwai wani kwamishina a can, mutum mai fara'a, mai hannun kyauta, wanda bai taɓa ce mini in rubuta masa ko da harafi ɗaya ba. In an yi taro a ma'aikatarsa, ambulan ɗina na nan. Da matata ta haihu, kafin ranar suna sai ga rago a ƙofar gida. Bayan wasu watanni wani akawu na ma'aikatar ya same ni da daddare, ya zaro takardu daga cikin riga, hannunsa na rawa. Aikin ƙaramin asibiti ne a wani ƙauye, an biya ɗan kwangila kuɗinsa kaf, ginin kuwa bai wuce taga ba. Na je ƙauyen, na gani da idona, na ɗauki hoto. Ban binne labarin ba, a'a, ni ba irin waɗannan ba ne. Cewa na yi sai na ƙara bincike. Mako ya wuce ina ƙara bincike. Na ce adalci ne in ji ta bakin kwamishina, amma kullum sai in ga ba yau ba, yau yana da baƙi, gobe zai yi tafiya. Har wata biyu. Wata jarida ce daban ta buga labarin daga baya. Babu wanda ya kira ni a waya, babu wanda ya yi mini barazana, kwamishinan ma bai san takardun suna hannuna ba. Duk lokacin da na zauna gaban keken rubutu, ragon nan nake gani ɗaure a jikin bishiyar darbejiya.

Hausawa sun gama maganar tuntuni: in baki ya ci, ido ya ji kunya. Mai ba da ambulan ya san wannan karin maganar fiye da kai. Labarin taron yau ba ya damunsa, ai jawabinsa ne ya rubuta ya raba muku, ko bai ba ku sisi ba za ku sa a labaran yamma. Abin da yake ajiyewa shi ne kunyarka, yana tara ta kamar adashi, ranar da ya shiga tsaka mai wuya ya kwasa. Mu kuwa mutane ne da aka raina a kan kunya. Yaron da aka koya wa kada ya haɗa ido da babba, shi ne yau ake so ya miƙe a gaban mutumin da ya ciyar da shi ya ce, "Ranka ya daɗe, ina kuɗin suka shiga?"

Shi ya sa in kana son ka auna ɓarnar ambulan, kada ka duba labaran da ka bayar, ka duba tambayoyin da ka haɗiye. Ka tuna taron da ka je na ƙarshe. Da aka ce akwai mai tambaya, me aka tambaya? "Wane kira za ka yi ga al'umma?" Wannan ba tambaya ba ce, shimfiɗa tabarma ce. In kuma wani sabon shiga ya yi ƙarfin hali ya ɗaga hannu ya nemi a faɗi adadi, za ka ga na kusa da shi ya ja masa gefen riga: kada ka ɓata mana taro. Wato tun kafin mai taro ya tsawata, 'yan uwanka sun riga sun yi masa aikin. A watan Agusta na 2020 a Kalaba, wakilin Daily Trust ya tambayi tsohon minista Femi Fani-Kayode wa ke ɗaukar nauyin rangadin da yake yi a jihohi. Tsohon ministan ya rufe shi da faɗa a gaban kyamara, daga baya NUJ ta yi tir, shi ma ya nemi afuwa. Abin da ya tsaya mini a rai a bidiyon shi ne, wanda ya yi tambayar da ta dace, shi ne yake ba da haƙuri.

Ni ba malami ba ne, kuma ba fatawa ka nema ba, amma ban taɓa samun ma'aunin da ya kai wanda ke cikin hadisin Ibnul Lutbiyya ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aiki mutumin karɓar zakka. Da ya dawo sai ya ce wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni. Sai Annabi ya hau mumbari ya ce, me ya hana shi zama a gidan mahaifinsa ko mahaifiyarsa ya gani ko za a kawo masa kyautar? Ɗora wannan a kan kuɗin motarka. Da ba ka riƙe da makirfo, da an ba ka? A ɗakin taron akwai masu shara, akwai mai gadi da ya fito daga Rijiyar Zaki ko Ɗorayi, shi ma mota ya hau. Kuma kai kanka ka san abin da ke cikin ambulan ɗin ya fi kuɗin adaidaita sahu zuwa da dawowa. Ranar da na bar aikin wakili, ragunan suka daina sanin hanyar gidana. Ba su ɓata ba, gidan wanda ya gaje ni suka nufa.

Akwai kwatancin da abokan aiki ba sa son in yi, amma sai na yi. A ƙasar Hausa muna da maroƙi, muna da sanƙira. Sana'arsu a fili take, kuma ni ina ganin mutuncinta. In maroƙi ya ce wane giwa ne, wane damina ne mai ban samu, duk wanda ke wurin ya san an yi masa kyauta ko ana shirin yi, saboda haka kowa na rage wa maganar gishiri kafin ya haɗiya. Babu wanda aka yaudara. Ɗan jaridar da ya karɓi ambulan aikin maroƙi yake yi, amma da rigar mai ba da shaida. Tsohuwar da ke sauraronka a Ɓagwai ko Tudun Wada, in ta ce "an faɗa a rediyo", tana nufin magana ta ƙare. Ba ta san akwai abin da za ta rage ba. Kuma kowa ya san ɗayan gefen roƙo: wanda ya hana, zambo zai sha. A namu aikin ma haka abin ke gangarawa. Mai karɓa ba tare da ya roƙa ba, bayan shekara biyar shi ne mai tsayawa a bakin ƙofa yana tambayar "ina saƙonmu?", bayan goma kuma shi ne mai kiran shugaban ƙaramar hukuma ya ce akwai wani labari a hannuna, sai dai mu zauna. Ba kowa ke kaiwa can ba, amma duk wanda ya kai, daga kuɗin mota ya faro.

Ka lura kuma ba kyauta ce ta mutum da mutum ba, tsari ne da aka gina. Jami'in hulɗa da jama'a na sa kason 'yan jarida a cikin kasafin taron tun kafin a buga katin gayyata. Akwai takardar jerin sunaye. Akwai wanda ke karɓa a madadin kowa ya raba, kuma rabon ba daidai ba ne: na talabijin ɗin ƙasa daban, na manyan jaridu daban, na rediyon gari daban. Akwai masu yawo daga otal zuwa otal da katin shaida a wuya, ba su da inda za su kai labarin, taron kawai suke bi. In taron na gwamnati ne, kuɗin da ke cikin ambulan ɗin na baitulmali ne, daga tukunya ɗaya suka fito da na asibitin da ya tsaya a taga. Cutar kuma ba tamu ce mu kaɗai ba. A Ghana "soli" suke cewa. A Kamaru "gombo", wato kuɓewa, mai sa tuwo ya wuce ba gardama. A Kwango "coupage". Ko'ina ka je an raɗa wa abin suna mai laushi, babu inda ake kiransa da sunansa na yanka. Abin da ake jin kunyar ambaton sunansa, ai ka san akwai magana.

To yanzu ga tambayarka ta biyu, kuma kafin in taɓa ka sai na fara da mai gidan rediyonku. Wanda ya riƙe albashin ma'aikaci wata uku, ya ba shi katin shaida da na'urar ɗaukar murya, ya tura shi gari ba ko kuɗin mai, ya san sarai da me yaron zai ci. Akwai masu gidajen da ke faɗa ƙiri-ƙiri: ga katinka nan, gonarka ce. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 kuɗin sufuri ya yi tashin gwauron zabo, an mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a 2024, amma kai ka fi ni sanin ko albashin da kuke bin gidan rediyonku bashi ya kai haka. Wasu gidajen ma su da kansu suke sayar da labari. Akwai farashin zuwa ɗaukar taro, akwai farashin shiga kanun labarai, ana kuma ɗora wa wakili neman talla a ba shi kamasho, daga hannun mutanen da ya kamata ya sa wa ido. Editan da ke karɓar kuɗin labari da rasit, da wane baki zai hana yaronsa karɓa ba rasit? Ko shirye-shiryen sojojin baka, duk da ɓatancin da ke cikinsu, sun fi wannan gaskiya, domin mai sauraro ya san fili aka saya, ya san wane ɗan gidan wane ne. Dokar NBC, hukumar da ke kula da gidajen rediyo da talabijin, ma abin da take nema ke nan, a bambanta abin da aka biya da labari. Matsalar ita ce ranar da abin da aka biya ya shigo cikin labaran ƙarfe bakwai da muryar mai karanta labarai.

Nakan tuna da sunan jaridarmu ta farko, Gaskiya Ta Fi Kwabo, da aka fara bugawa a Zariya a Janairun 1939, Abubakar Imam na editanta. Kwabo ne kuɗinta. Ba cewa nake ba ta da igiya a wuya ba, ai hukumar Turawa ce ta kafa ta. Amma a cikin sunan akwai ciniki bayyananne: mai karatu ya ba da kwabonsa, a ba shi abin da ya fi kwabon daraja. Yau mai sauraron rediyo ba ya biyan ko anini, masu biya su ne gwamnati da 'yan siyasa da kamfanoni, kuma kowace kafa tana karkata wajen wanda ke ciyar da ita.

Ba zan yi maka ƙarya in ce mai gaskiya ba ya shan wuya ba. Dele Olojede, wanda ya ci kyautar Pulitzer, babbar lambar yabon aikin jarida ta Amurka, a 2005, ya dawo gida ya kafa jaridar NEXT a Legas, ya biya albashi mai kyau, ya haramta ambulan. Jaridar ta yi bincike masu zafi, musamman kan harkar mai. Talla ta ƙafe, a 2011 ta daina fitowa. Sai dai daga cikin ma'aikatanta ne aka samu waɗanda suka kafa Premium Times a shekarar. Wannan tarihin za ka iya karanta shi ta fuska biyu, kuma duka biyun gaskiya ne.

Ba kowane abu da aka miƙo maka ne toshiya ba, kada ka zama mai tsattsauran da zai ƙi shan ruwa a wurin taro. Ruwa da abincin da aka ajiye wa kowa, ci abinka. In za a je inda ba ka da hanyar zuwa sai a motar sojoji ko jirgin hukumar agaji, kamar wurin ambaliya ko fagen daga, ka bi, da sharaɗi biyu: editanka ya sani, mai sauraro ma ya sani. Jumla ɗaya ce, "wakilinmu na cikin tawagar da rundunar ta kai wurin". Ta ishi mai hankali ya san cewa abin da aka nuna maka ka gani. In ka je ƙauye mai gari ya ba ka kaza ko ƙwaryar fura, mayar masa cin fuska ne, kuma ba kazar ce za ta rufe maka baki ba. Karɓi, ka yi godiya, ka kawo ofis a ci tare, kowa ya san daga inda ta fito. Abin da za ka iya ajiyewa a teburin edita ka faɗi wanda ya ba ka, yawanci ba shi da illa. Wanda kake lanƙwasawa ka tura aljihu a bayan ƙofa, shi ne abin dubawa.

Kujerar Makka daga gwamnan da kake ɗauko rahotonsa, fili a sabuwar unguwa, mota, kwangilar buga kalanda, buhun shinkafar azumi daga ɗan takara, waɗannan ba su da fassara biyu. Na san kujerar Makka ce ta fi wuyar ƙi, mutum zai ce kiran Allah ne ta hannun wane. Ka tambayi malaminka hukuncin hajjin. Ni abin da zan gaya maka shi ne, ka dawo da haƙorin Makka da bakin da ba zai sake buɗuwa a kan wannan gwamnan ba. Haka nan lambobin yabon da ƙungiyoyinmu ke shirya wa, a naɗa wane gwarzon gwamnan shekara bayan ya ɗauki nauyin bikin. Muƙamin mai ba gwamna shawara kan yaɗa labarai kuwa aiki ne na halal, manyan editoci da dama sun yi. Sharaɗinsa ka ajiye makirfo ka tafi a fili. Abin da ba ya yiwuwa shi ne ka rubuta wa ɗan siyasa jawabi da dare, ka karanta shi a matsayin labari da safe. In labari ya shafi surukinka ko maigidan babanka, miƙa wa wani ya yi, kada ka jarraba zuciyarka.

Da me za ka ci? Da zan fi so in ce maka daga gobe ka daina karɓa gaba ɗaya, kuma can ne ya kamata ka dosa. Amma na san mai haya ba ya karɓar sashe na 7. Saboda haka ga abin da ba ya jiran gobe: kada ka taɓa roƙa, kada ka je taro don ambulan alhali ka san babu labari a ciki, kuma duk wanda kake bincike a kansa ko aka kawo maka ƙorafinsa, ko ruwan leda kada ya haɗa ku. Sannan ka fara gina hanyar fita, ka sa wa kanka wa'adi na watanni, kada ka bar shi a "wata rana".

Hanya mafi sauƙi ita ce ka sauya inda kake farauta. Ambulan na zaune ne a otal da gidan gwamnati. Babu shi a kotun majistare, babu shi a layin asibitin Murtala, babu shi a kasuwar Dawanau ko wajen manoman Kadawa, can kuwa labaran suke. Akwai dokar 'yancin samun bayanai da aka sa wa hannu a watan Mayu na 2011, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa buƙatarka a rubuce. Sau da yawa ba za su amsa ba, jihohi ma sun daɗe suna jayayya a kanta, amma wasiƙar da aka ƙi amsawa ita ma labari ce. Rahoto uku masu nauyi daga irin waɗannan wurare su ne jarinka. Da su za ka nemi tallafin bincike daga cibiyoyi irin su ICIR da CJID da cibiyar Wole Soyinka, waɗanda ke biyan kuɗin tafiya da na aiki a fili, ba da sharaɗin a yabi kowa ba. Da su kuma za ka ƙwanƙwasa ƙofar sashen Hausa na BBC ko DW ko RFI ko TRT. Mai iya Hausa da Turanci sosai ba ya rasa aikin fassara, mai murya ba ya rasa tallan sabulu da na makaranta, muddin ba na siyasa ba ne. Na san 'yan jarida masu kiwon kaji, na san mai shagon ɗinki, kuma babu wanda sana'ar ta rage wa ƙima. Batun albashinku kuwa, ku haɗu ku rubuta, ku kai wa reshen NUJ na gidanku, ka adana takardar ɗaukarka aiki da shaidar kowane biya. Kotun ma'aikata ta ƙasa don irin wannan aka yi ta. Ka kuma koyi neman kuɗin mota daga ofis kafin ka fita, ko da ka san za a ce babu. A bar shi a rubuce cewa ka nema.

Yadda za ka ƙi ma fasaha ce. Kada ka yi wa'azi, kada ka ɗaga ambulan sama ka mayar a gaban jama'a, za ka tara maƙiya a banza, kuma cikin masu karɓar akwai wanda matarsa ke kwance a asibiti. Da an rufe taro, tattara kayanka ka fita. In an tare ka, ka ce, "Na gode ƙwarai, ranka ya daɗe, ni dai a taimaka mini da kwafin kasafin da aka ambata." Za a yi maka dariya, za a kira ka ustazu, za a daina sanar da kai wasu tarukan. Amma ga abin da ba a koyarwa a aji: ka tabbata an cire sunanka daga takardar rabo. In ba haka ba wani zai sa hannu a madadinka ya soke naka a aljihunsa, a littafin ma'aikata kuma an rubuta ka karɓa. Ba ka ci nanin ba, nanin ta ci ka.

Kada ka jira wata hukuma ta gyara wannan. A 2023 an kafa hukumar sauraron ƙorafi kan kafafen yaɗa labarai ƙarƙashin Emeka Izeze, kuma ta nuna tana da haƙori a 2024, da ta ce rahoton Daily Trust kan yarjejeniyar Samoa, wadda Najeriya da wasu ƙasashe suka ƙulla da Tarayyar Turai, ba daidai ba ne, jaridar ta fito ta nemi afuwa. Amma abin da aka buga take dubawa. Labarin da aka haɗiye ba ya barin sawu, ambulan kuma ba shi da rasit.

Saura abu ɗaya, wanda sai da na tsufa a aikin na gane shi. Babban labari ba a taron manema labarai ake samunsa ba, mutum ne ke kawo shi, mutumin da ke jin tsoro. A 1984 Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian sun sha ɗaurin shekara guda ƙarƙashin Doka ta 4 ta gwamnatin soja kan labarin naɗin jakadu, ba su faɗi wanda ya ba su ba. A Oktoban 2018 da Jaafar Jaafar na Daily Nigerian ya saki bidiyon da ya ce na gwamnan Kano na lokacin, Ganduje, ne yana karɓar daloli, gwamnan ya musanta ya kuma kai ƙara, shi kuwa Jaafar ya bayyana gaban kwamitin majalisar dokokin Kano bai ambaci majiyarsa ba. Ko me mutum ke gani game da waccan rigimar, wanda ke riƙe da bidiyon sai da ya zauna ya zaɓi wanda zai ba. Mai irin wannan kaya yana kallonmu tun kafin mu san da shi. Ma'aikacin da ke ƙirga kuɗi yana zubawa a ambulan, yana rubuta sunaye a baya, sau da yawa shi ne mutumin da ya san inda aka binne gawar, kuma ya san sunan kowa da abin da kowa ya karɓa.

Akawun nan da ya zo mini da daddare ya san da ragon, ashe ta teburinsa takardar sayensa ta bi. Duk da haka ya gwada ni. Bayan shekaru mun haɗu a wani ɗaurin aure, ya riga ya yi ritaya. Ya gaishe ni da mutunci, ya tambayi yaron da aka yi wa suna, na ce yana jami'a. Shekara tara ya ƙara a ma'aikatar bayan wancan daren, kwamishinoni huɗu suka wuce ta gabansa, bai sake kawo mini ko takarda ɗaya ba.